Aron Ɗakin Rabi'atu

Kano,
ranar Litinin

Zuwa ga uwargidana Malama Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya gwiwar taki? Ya mutanen Malumfashi, ya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya kayar da ni kwana biyu ya kuma sake ni.

Tun da aka ɗauke muku sabis na rasa ta inda zan ji muryarki. Jiya a tasha na haɗu da Isah direba, ya ce in dai takarda ce zai kai miki har gida. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare, don haka kada ki fito mini da jan biron nan naki. Ke ƙanwar kakata ce, ba malamar ajinmu ba, kuma ban taɓa jin inda mace ta ba mijinta maki ba.

Albishirinki, fim ya fito. Ajiyar Tsamiya nake nufi, wanda muka ɗauka kafin azumi a Unguwar Maiwada, a ɗakin ɗiyarki Rabi'atu. Na san kin rantse ba za ki kalla ba, to ga labarin a taƙaice don kada a yi hirarsa a gabanki ki rasa ta cewa. Wata mata ce ta daɗe ba haihuwa, ta je gun boka, ya ɗauko mata ciki daga aljanin tsamiya. Cikin ya yi ta girma har yana magana, kowa ya guje ta, ta ƙare ita kaɗai a ɗaki.

Masu sharhi sun yi mana ca. Wata a gidan rediyo ta ce ba ta taɓa sanin ƙarar daka tana da ban tsoro ba sai da ta ji ta a fim ɗina. Wani ya rubuta cewa farkonsa ya yi jan ƙafa, mutum zai iya zuwa ya yi salla ya dawo bai rasa komai ba. Wani malami kuma ya ce muna koya wa mata bin bokaye, alhali bokan ne ya fi kowa wulaƙanta a ƙarshe, abin da ya tabbatar mini bai kai ƙarshen ba. Amma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan ɗakin. Jeren kwallayen nan da fantekoki da langa-langa, daga ƙasa har kusa da rufi, ya tafi da su. Har tambayata ake wane gwani ne ya tsara mana shi. Ina cewa gwanar tana ƙauye tana surfe.

Mutum ɗaya ne ya ɓata mini rai, wani Malam Abdussamad da ke sharhi a jaridar ƙarshen mako. Ya yabi sauti, ya yabi Sadiya da ta fito a matar, sannan ya ce fim ɗin rigarsa ce kawai ta Hausa, zuciyarsa aro ce. Wai a ƙasar Hausa ba a barin mai ciki ita kaɗai. Wai ko an ce Iblis ne a cikinta, za ka iske wata tsohuwa zaune a bakin gado tana yi mata faɗa. Na karanta shi ya fi a ƙirga, kuma kowane karo sai na ji abinci ya fita raina.

Ki gaida Rabi'atu da maigidanta Zubair, ki ce musu ɗakinsu ya yi suna.

Naki har kullum,
Awaisu

*

Malumfashi,
ranar Alhamis

Maigida Awaisu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da man ja a gefe ɗaya, Isah ya ce kusa da jarka ta zauna. Lafiyata lau, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan, ita ke fara sanar da ni idan hadari ya haɗo. Masara ta yi kyau bana, an fara karya ta, dawa kuma ta fid da kai. Allah ya ƙara maka lafiya, ka riƙa shiga gidan sauro tunda ba ka da matar da za ta tura ka ciki sai ni, ni kuwa na yi nisa.

Jan biro ya bushe tun da na yi ritaya. Ka gode wa Allah, don rubutun nan naka sai ka ce kaza ta taka tawada.

Na yi murna da aka yaba maka. Tun kana ƙarami kake tara yaran gida kana ba su tsoro da buhu a ka, ga shi yau ana biyanka da yabo. Amma shi wannan Malam Abdussamad ka ƙyale shi ya huta, gaskiya ya faɗa. Duk haihuwar da na yi ban taɓa samun wuni ɗaya ni kaɗai ba. Wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo saiwa, wata ta zo ta zauna kawai tana ba ni labarin yadda tata naƙudar ta fi ta kowa wuya. Har roƙon Allah na riƙa yi su fita in samu in yi barci. Idan mutum ya faɗa maka gaskiya a cikin yabo goma, ita za ka riƙe.

Yanzu ƙwaryata. Babbar nan mai ɗinki a baki, wadda kuka ara kuka kife wa yarinyar nan Sadiya a ciki kuka ɗaure da zane. Ka ce da an gama za ka maido. An yi azumi, an yi ƙaramar salla, an yi babba. A ɗakin mahaifiyata na gaje ta, kuma duk bikin da aka yi a danginmu sai an are ta. Ka ba Isah ya kawo mini.

Sai magana ta ƙarshe, ka karanta ta da natsuwa. Rabi ba ta fita unguwa yanzu, ko biki ba ta zuwa. A sa ta a addu'a. Fim ɗin nan naka ka bar shi can wajenku tukuna, kada ka yi gaggawar kawo shi nan sai an gama kaka. Ba zan ƙara komai a kan haka ba.

Uwargidanka,
Hansai

*

Kano,
ranar Asabar

Uwargida ran gida,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin masara ta yi, a ajiye mini rabona. Jikina ya warware sarai. Gidan sauro kuwa na saya, saura in ɗaura.

Ashe ke ma bayan Malam Abdussamad kike. To mun haɗu da shi ido da ido, gidan rediyo suka gayyace mu tare. Dattijo ne mai sanyin murya, irin wanda zai yanka ka yana tambayar lafiyar iyali. Na ce masa fim ɗin tsoro ba hoton rayuwa ba ne, tsoron mutum ake fitowa da shi fili. Ya ce ya yarda, amma tsoron Bahaushiya ba kaɗaici ba ne, don ba ta san shi ba, tsoronta bakin mutane ne. Ya ce da na cika ɗakin da mata suna kallonta suna murmushi, da fim ɗin ya fi haka ban tsoro. Masu bugo waya suka rabu biyu. Wata ta ce tun da ta kalla ba ta bi ta gindin tsamiya ba, wani ya ce shi dariya ma ya yi ta yi. Ina nan ina rubuta masa martani mai zafi, har ya kai shafi uku.

Maganar Rabi'atu na gane ta. Na san halinta da kunya, kuma na san surutun malaman nan ya iso ku ta rediyo, shi ya sa take ɓuya kamar ta yi wani laifi. Wataƙila ma Zubair ne ake yi wa tsiya a majalisa ana cewa ya ba 'yan fim ɗakin matarsa. Uwargida, maganin wannan ai shi ne a ga fim ɗin. Duk wanda ya kalla zai ga babu rawa, babu waƙa, babu abin kunya ko ɗaya, sai ɗakinta da ya fito kamar na 'yar sarki. Kin ce a bari sai bayan kaka, na san don mutane su samu sukunin kallo kike nufi. To ai ba sai sun saya ba. Na ba Isah memori guda biyu, ɗaya ya kai wa masu turin finafinai a waya a kasuwar Kafur su zuba wa duk mai so kyauta, ɗaya ya aika Unguwar Maiwada. Mutanen da suka ba mu ruwa suka ba mu tabarma bai kamata su zama na ƙarshen gani ba.

Ƙwarya tana nan lafiya. Na rataye ta a bangon ofis, 'yan jarida har hoto suke ɗauka da ita. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan, ta zama tauraruwa.

Mijinki mai biyayya,
Awaisu

*

Malumfashi,
ranar Lahadi

Awaisu,

Sallama. Ina lafiya. Na daɗe ban ba ka amsa ba don na tafi Unguwar Maiwada na yi kwanaki, kuma da na dawo sai da na bari zuciyata ta sauka kafin in ɗauki biro.

Rabi tana da ciki. Ga shi ka sa na rubuta abin da uwa ba ta faɗa da bakinta. Ni na riƙe ta tun tana goye da mahaifiyarta ta rasu, ɗiyar fari ce a wurina, kuma wannan cikinta ne na fari bayan kusan shekara goma ana jira. Irin wannan ba a shelarsa. Ana rufe shi da babban mayafi, a yi shiru, a bar shi ya faɗi kansa. Na ɗauka idan na ce maka ba ta fita, a sa ta a addu'a, za ka gane kamar yadda kowace mace za ta gane. Na manta kai namiji ne, kuma gwauro.

Ga abin da ya faru. Memorinka ya isa ranar da matan gidan su Zubair da na maƙwabta suka taru ɓarzar masara. Aka sa a waya ɗaya, aka jingina ta da turmi. Kafin Sadiya ta buɗe baki wata ta ce, "Ga kwallata can." Wata ta ce, "Wannan fantekar mai fure ni na kai." Ku maza gani kuke kwano kwano ne. Duk macen da ta je jeren Rabi ta san abin da ta kai, ta san inda aka ɗora shi, ta san wadda nata yake kusa da shi. Masu sharhinka ɗaki suka gani mai kyau. Su waɗannan ɗakin Rabi suka gani, da gadonta, da kayansu a bango.

Da farko murna suke, kowa na neman nata. Sai aka zo wurin da bokan nan ya durƙusa a gaban gadon yana hayaƙi yana kiran sunaye. Ranar da kuka ɗauki wannan kun rufe ƙofa kun hana kowa leƙawa, saboda haka ba wadda ta san an yi shi sai ranar. Sannan wata ta fara lissafi da yatsu. Shekara da shekaru babu ko ɓatan wata, 'yan fim suka zo suka kira abin da suka kira a ɗakin, a watan ciki ya shiga. Ba wadda ta ce komai a fili. Aka kashe waya, kowa ta ɗauki masararta.

Yanzu facalolinta ba su shiga ɗakin. Daga tsakar gida ake gaishe ta. Idan ta yi girki ta aika, kwanon yakan dawo yadda ya tafi. Tsohuwa, ungozomar garin, wadda ita ta yanke wa Zubair cibiya, ta ce ita ta tsufa, idonta ba ya gani sosai, a nemi wata. Idonta kuwa ras, na same ta tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Zubair yana tsaye da matarsa, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, amma shi wuni yake a gona.

Ba mugaye ba ne, Awaisu, na san su ɗaya bayan ɗaya. Tsoro suke ji, kuma ai abin da ka yi fim ɗin don shi ke nan. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, ya kuma ɓaci da kaina da ban buɗe baki na faɗa maka dalla-dalla ba.

Ka sauko da ƙwaryata daga bango ka ba Isah gobe. Yanzu ba don gado nake nemanta ba.

Hansai

*

Kano,
ranar Talata

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Rabi'atu. Ni ban san me zan ce game da tawa lafiyar ba.

Ga ƙwarya nan, na naɗe ta da bargo na ce wa Isah ya ɗora ta a kujerar gaba. Wallahi ban sani ba. Da na sani da ko sunan garin ban bari fim ɗin ya ji ba. Na koma na karanta takardarki ta farko, maganar tana nan a fili, ni ne idona ya rufe da son a yabe ni a gida.

Ki faɗa musu abin da bokan nan ya karanta ni na ƙirƙire shi a cikin mota muna hanya, ba ya nufin komai a kowane harshe. Hayaƙin garwashi ne da ɓawon lemo. Shi kansa bokan tela ne a nan unguwarmu, sahun gaba yake salla. Ƙofa kuma mun rufe ta ne saboda haske da surutu.

Na sa an sauke fim ɗin daga intanet. Abokan aikina sun yi fushi, don ana shirin nuna shi a wani taron finafinai, na ce su yi haƙuri. Martanin da nake rubuta wa Malam Abdussamad na yaga shi.

Ki ba ni izini in zo da Sadiya da telan, mu tsaya a gaban kowa mu yi bayani. Ko kuma in turo mota a kawo Rabi'atu nan, akwai asibiti kusa da mu, yayata za ta riƙe ta har ta yi arba'in. Duk wanda kika zaɓa shi za a yi. Ki roƙa mini ita gafara, ni ba ni da fuskar da zan roƙa da kaina.

Awaisu

*

Malumfashi,
ranar Juma'a

Maigida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ka ci abinci, Isah ya ce ka rame kamar an jiƙa kaza. Ramarka ba za ta amfani kowa ba.

Ƙwarya ta iso, na kuma kai ta inda na yi niyya. Na tara matan a tsakar gidan su Zubair bayan azahar, na shiga ɗakin Rabi, na kife ƙwaryar a cikina na ɗaure da zane na saki riga a kai. Sai na fito ina dafe da ƙugu ina nishi, da furfurata da gwiwata da komai. Awaisu, da ka ga dariya. Wata har da faɗuwa daga kan kujera. Na ƙwanƙwasa cikin ya yi ƙara, na ciro ta na miƙa musu. Duk sun san ta, babu wadda ba ta taɓa dama fura a cikinta ranar biki ba. Na ba su labarin tela da ɓawon lemo. Na ce a raina an gama.

Da dariya ta lafa sai uwargidan wan Zubair ta ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "Malama, na yarinyar fim mun yarda ƙwarya ce. To na Rabi fa?" Na ce na Rabi na mijinta ne, kyautar Allah. Ta ce, "Haka ne, Allah shi raba lafiya." Duk suka ce amin. Aka yi mini rakiya har zaure da mutunci, amma ba wadda ta taka ƙofar ɗakin.

Sauke fim da ka yi ka kyauta, sai dai nan ba da intanet ake kallo ba. Yana cikin wayar kowa, daga Kafur ya kai Maska, an ce har Dandume. Kada ka zo, kada ka kawo kowa. Idan aka sake ganin motarku a ƙofar gidan su Zubair cewa za a yi kun zo duba ajiyarku.

Na ce wa Rabi ta haɗa kaya ta zo goyon ciki wurina kamar yadda ake yi, ai haihuwar fari a gida ake yin ta. Ta ƙi. Yarinyar da ba ta taɓa yi mini musu ba ta dube ni ta ce, "Inna, in na fita daga ɗakin nan za a ce gudu na yi. Kuma duk abin da na dawo da shi za a ce an musanya a hanya. A nan zan haihu, su gani da idonsu." Na yi lallashi, na yi faɗa, Zubair ma ya sa baki. Kano kuwa ko ambatonta ba ta so. Saƙonka na ba ta, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba, ita ta ba da ɗakin da hannunta, har goge kwanonin ta yi don su fito da kyau.

Mun je awo, ma'aikaciyar ta ce komai daidai yake kuma da sauran lokaci. Na dawo in ga an cire mini 'yar audugata, da an gama zan tattara in koma can in tare har a yi arba'in. Ƙwaryar na bar ta a ɗakin Rabi.

Uwargidanka,
Hansai

*

Kano,
ranar Laraba

Uwargida,

Sallama da fatan alheri. Shiru ya yi yawa. Kullum sai na je tasha, aka ce motar Isah ta lalace a Funtua tana gun bakanike. Na ba wani direban wannan, Allah ya sa ta same ki. Kin koma ƙauyen? Ya jikin Rabi'atu? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Malam Abdussamad ya sake rubutu. Ya yi mamakin sauke fim ɗin, ya ɗauka zafin sharhinsa ne ya sa, har ya ce bai yi nufin karya mini gwiwa ba. Ya sa shi cikin finafinan da suka fi burge shi bana. Amma ya ce yana nan a kan bakansa, ƙarshen fim ɗin ba zai taɓa faruwa a gidan Bahaushe ba. Da a da ne da na kwana ina murna da rabin farko ina fushi da na biyu. Yanzu addu'ata kullum ita ce Allah ya sa shi ne mai gaskiya.

Awaisu

*

Unguwar Maiwada,
ranar Asabar

Maigida Awaisu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta biyo ni har nan. Lafiya lau nake, kuma ina yi maka albishir, Rabi ta sauka. Mace aka samu, ƙatuwa, mai gashi, da hancin Zubair sak. Uwa da ɗiya suna cikin ƙoshin lafiya. Ka yi hamdala tukuna, sannan ka karanta sauran.

Haihuwar ta riga lissafin asibiti, ta kuma riga ni. Ina Malumfashi ana ɗaure mini buhunan auduga. Da hantsi abin ya taso mata, maza duk suna gona ana yankan dawa, ga babu sabis. Ta durƙusa a gaban gadon nan. Ka san ba a kuka a haihuwar fari, to ba ta yi ba, amma gida ɗaya ake, matan gidan sun ji nishinta. Suka fito suka tsaya a tsakar gida. Wata ta ɗora ruwa a wuta. Wata ta yafa mayafi ta tafi gona da ƙafa kiran Zubair. Wata ta je ta ɗauko Tsohuwa. Kowa ta samu abin yi wanda ba shiga ɗakin ba.

Har jaririyar ta faɗo ta yi kuka babu kowa a kanta. Tsohuwa ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ɗaga labule ba, ta ce, "Rabi, mutum ne?" Rabi ta ce, "Shigo ki duba, Iya." Ta shiga. Ita ta ba ni wannan labarin da bakinta, tana yi tana share hawaye da gefen zane. Ta yanke cibiya, ta gyara uwar, ta waiwaya neman abin wanka sai ga ƙwaryata a jingine. A cikinta aka yi wa ɗiyar wankan fari. Ni sai la'asar na iso a bayan mashin, na iske an gama komai.

Tun daga ranar gidan ya cika. Ana ta zuwa barka, har daga ƙauyukan da ba mu da kowa. Kowace ta karɓi jaririya sai ka ga ta buɗe zanen a hankali tana duba yatsu, tana cewa tubarkalla. Kunu yana zuwa, itace yana zuwa, facalolin suna rige-rigen dafa ruwan wanka. Kunya ta ishe su, ba su iya haɗa ido da ita. Na ce a raina to shi ke nan, a bar shi ya wuce.

Shekaranjiya bayan wankan safe Rabi ta ce in taimaka mata in sauke jeren. Na ɗauka ƙura za a goge saboda suna. Muka sauke, muka wanke, muka goge. Sai ta fara ware su, tana faɗin sunan mai kowane. Ta ce a mayar wa kowa nata. Na ce ke Rabi, ba a yin haka, ba a taɓa yi ba, wannan ai yanke zumunci ne. Ta ce, "Ba fushi nake ba, Inna. Kwanoninsu ne suka zauna da ni ranar nan. Sun yi abin da aka kawo su yi, su koma gida." Ba ta ɗaga murya ba, tana ba ɗiyar nono take maganar.

Ni na kai su da kaina, gida gida, don ban yarda in aiki kowa ba. Wasu sun karɓa sun koma ɗaki. Uwargidan wan Zubair ta rungume fantekarta ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce in roƙa mata Rabi. Na ce ta bari a kwana biyu. Yanzu bangon nan da masu sharhinka suka yaba babu komai a jikinsa sai kwalla biyu na mahaifiyarta da 'yan langa-langan da na saya mata, da shatin inda sauran suka zauna.

Suna ranar Talata. Rabi ta ce ka zo, ka bar kyamara a Kano. Ka taho da turmin atamfa da sabulu kamar kowa, kuma ka zo da wuri a yi raɗin suna da kai.

Ka gaida Malam Abdussamad. Na goyi bayansa a takardata ta farko, har yau kuma ina cewa ranar da ya yi sharhin nan gaskiya ya rubuta. Amma idan zai sake bugawa, ka ce masa ya gyara wurin. Yanzu an taɓa yi, a Unguwar Maiwada, da rana tsaka, mata cike da tsakar gida.

Uwargidanka,
Hansai